Kwashe kaya da babur mai ƙafa uku a Garwa: yana fitar da ɗan haya kunya, amma da sharaɗi

Idan mai gida ya ce a tashi, ko ruwan Agusta ya kwantar da katanga, abin da ya fi saurin samuwa a Garwa, arewacin Kamaru, shi ne babur ɗin kaya mai ƙafa uku. Ana samunsu bakin babbar kasuwa da wajen masu sayar da siminti, kuma suna shiga lungunan unguwannin Fulɓere da Yelwa inda babbar mota ba ta iya juyawa. A nan sun ci yabo.

Inda ake samun saɓani shi ne ciniki. Direba zai so a yi kuɗin sawu-sawu, sai ya riƙa loda kaya sama-sama don sawun ya yawaita. A kira shi ya ga kayan da idonsa, a yanke kuɗin aikin gaba ɗaya, a kuma fayyace ko ladan yaran da za su ɗora su sauke yana ciki. Ɗaki da falo yawanci sawu uku zuwa huɗu ne, in an kwance gado. Kada a biya duka sai kayan ƙarshe sun sauka. In ta Orange Money ko MoMo aka biya, saƙon ya zama shaida.

Babur ɗin ba shi da taushi a kan rami, kuma direbobin ba ruwansu da abin da ya fashe. Firji a tsaye ake ɗora shi, a bar shi wasu awanni kafin a jona wuta, don man injin ya koma mazauninsa. Tukunyar gas mai kilo 12.5 a rufe ta, a cire kanta, ita ma a tsaye. Randa da kwanukan tangaran na uwargida, gara a ba mai pus-pus, wato amalanke, ya tura a hankali. Katifa a sama, a ɗaure da roba. Da damina a tambayi tamfol tun kafin a loda, da yawansu ba sa yawo da shi.

Takardu kuwa ba a sa su cikin lodi. Katin shaida, takardun haihuwar yara, yarjejeniyar haya da rasidin kowane wata su zauna cikin leda guda a jikin mutum. Rasidin nan ba wasa ba ne: sashe na 322-1 na dokar laifuka ta Kamaru ta 2016 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, ko tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko duka biyu, ga wanda ake bi hayar wata biyu a kan yarjejeniya mai rajista, bai biya ba kuma bai tashi ba wata ɗaya bayan an kai masa takardar gargaɗi. Kafin a miƙa makulli a ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa ta Camwater, da bangon kowane ɗaki, saboda a kansu ake cinye kuɗin ajiya.

Ƙarshen wata baburan sun fi tsada da wuyar samu, don kowa lokacin yake tashi. A riƙe lambar direba biyu a waya tun ana zaune lafiya, kuma a watan Afrilu a fara lodi bayan sallar asuba, kafin ƙarfen bodin ya gagari taɓawa.