Sulhu biyu da Jamus: 1919 da 1945

A teburin mai shayi a unguwar Nima ta Accra gardama ta kaure jiya: wanda aka kayar, a matse shi ko a ɗaga shi?

Malam, wanda ya koyar da tarihi, ya ajiye kofinsa ya kawo 1919. A yarjejeniyar Basai (Versailles), ta sulhun Yaƙin Duniya na Ɗaya, an ɗora wa Jamus laifin yaƙi, aka rage sojojinta zuwa 100,000, aka ƙwace ƙasashen da ta mallaka. Togo na ciki, kuma wani yankinta ne ya haɗe da Gana a 1957. A 1921 aka yanka mata diyyar mak biliyan 132, kuɗin Jamus na lokacin. Da biya ya gagara, Faransa ta mamaye Ruhr, yankin masana'antun Jamus, a 1923, kuɗi ya zama takarda, ana ɗaukarsa a baro don sayen burodi. Wannan ɗacin Hitler ya yi ta zugawa har ya hau mulki a 1933. Yaƙi ya dawo a 1939.

Bayan an sake kayar da ita a 1945 fa? Ba a yi wa Jamus sassauci ba, don an ma raba ta. Amma Amurka ta zuba kuɗin Shirin Marshall na farfaɗo da Turai daga 1948, kuma a Landan a 1953 aka yafe kusan rabin bashin Jamus ta Yamma.

"To, Malam, tausayi ne?" in ji wani yaro.

"Tsoron Rasha ne, ɗana."