Gargaɗi ga matan Zariya: a kula da masu tallar "tiren Sallah" na cuku

Assalamu alaikum 'yan uwa mata na Zariya da kewaye. Don Allah duk wadda ta ga wannan ta tura wa dangi da ƙawaye kafin hidimar Sallah ta kankama. Akwai wani shafi da ke yawo a Instagram da WhatsApp yana tallar abin da suke kira tiren Sallah: faffaɗan katako ne aka jere shi da cukun Turawa kala-kala, da inabi, da zaitun, da biskit, da yankan nama, ga zuma a 'yan ƙananan kwanuka. Suna cewa nan cikin gari suke, suna kai kaya Samaru, Sabon Gari, Tudun Wada, Kongo, Hanwa, har cikin Birni. Damfara ce tsagwaronta. Ba zan kama suna ba, don sunan shafin ma ba ya zama wuri ɗaya, kuma lambar asusun da suke bayarwa yau da sunan mace, gobe da sunan wani namiji.

Ni soye-soye da haɗa kayan biki ne sana'ata, shi ya sa hotunan suka riƙa zuwa wayata. Wannan ta turo, waccan ta turo: "Anti, za ki iya yi mana irin wannan a wannan farashin?" Na ce ba zan iya ba, kuma duk wadda ta ce za ta iya, a bincike ta.

Ga yadda suke yi. Da kin yi magana, mace ce za ta amsa miki da zaƙin baki, "Hajiyata" a farko, "Hajiyata" a ƙarshe. Za ta ce babban tire na mutum ashirin N18,000 ne, amma saura gurbi uku, gobe za ta rufe oda. Ba ta karɓar rabi, sai an biya duka, wai don kayan daga waje ake kawo su. Kina turawa sai ta jefa ki wani zauren WhatsApp da ita kaɗai ke iya rubutu a ciki, ta cika shi da hotunan saƙonnin godiya daga "kwastomomi" waɗanda ba ki da hanyar tambayar ko ɗaya daga cikinsu. Ranar jajibere sai sabon saƙo: motar da ta ɗauko cukun ta lalace a hanya, a ƙara wani abu na ƙanƙara kada kayan su lalace. Da safiyar Idi kuma, mai mashin ya taso daga PZ, a tura masa nasa. Daga wannan sai waya ta shiga kashe, shafi ya yi layar zana.

Haka aka yi wa ƙanwar maigidana a Sallar da ta wuce. Amarya ce, Sallarta ta farko a ɗakinta, dangin miji za su biyo ta wajenta bayan sun kalli Hawan Daushe, tana son ta fita kunya. Ta biya sau uku, tana zaune ta ci kwalliya tana leƙen ƙofa. Da cincin da dublan na gidana aka tari baƙin.

Ita ma dai da sauƙi, kuɗi kawai ta rasa. Wadda abin ya fi ba ni tsoro maƙwabciyata ce, don ita an kawo mata. Wani yaro ya miƙo kwali a bakin layi ya juya, ko sallama bai tsaya yi ba. Ta kira ni muka buɗe tare. Tiren roba ne irin na kai shayi, an lulluɓe da leda, ledar ta yi gumi ta ciki. Abin da aka yanka kusurwa uku aka ce shi ne cukun cheddar, na ɓantara na shinshina: awara ce, ta waken suya, an tsoma ta a kalar girki rawaya, har kalar ta kama yatsana. Na ɗora guntu a kasko, ko gezau. Cheddar na gaskiya da ya ji wuta narkewa yake yi yana naso da mai. Fararen dunƙulen da ke gefe bota ce aka daskarar, ta riga ta malale cikin biskit. Akwai 'yan cukun nan masu takardar azurfa guda shida, an raba su da kwalinsu inda ake buga ranar ƙarewar wa'adi, biyu sun kumbura. Kilishin kuwa ya yi fari-fari a gefe, yana warin rima. Matar nan tana da tsohon ciki. Da ta ɗanɗana kafin ta kira ni, Allah kaɗai ya san inda za a tsaya.

Abin da nake so mu gane shi ne, hoton tallar da kansa yana tona asirinsu, in mutum ya tsaya ya kalle shi da kyau. Ɗaya daga cikin hotunan an jera kayan ne da siffar bishiyar Kirsimeti, sama tsini ƙasa faɗi, da tauraron cuku a ƙoli. Wani ma ta tagar bayansa ana hango dusar ƙanƙara. Wannan a wace unguwa ce a Zariya? Jajayen 'ya'yan itacen da aka watsa a kai cranberry ne, a Amurka da Kanada ake noma su, ba ki taɓa ganinsu a kasuwar Sabon Gari ba. Sai abin da ya fi duka: jan naman nan sirara da aka naɗe kamar furen wardi. Mutane suna ɗauka naman sa ne ko wani nau'in kilishi. A irin wannan faranti na Turawa, salami ne da prosciutto. Prosciutto cinyar alade ce da aka busar da gishiri a Italiya, salami ma galibinsa naman alade ne. Wato mai shafin ko abin da ke cikin hoton da ta sato ba ta sani ba, ta liƙa masa "Barka da Sallah" ta saki. Hotunan nan da ma na Kirsimeti ne, kuma na ji cewa a watan Disamba da su aka yaudari wasu 'yan uwanmu Kirista, rubutun kai kawai aka sauya.

Sai farashi. Kafin a samu kilo ɗaya na cuku mai tauri irin cheddar ko gouda, sai an kashe madara wajen lita 10, sannan a ajiye shi watanni yana nuna. Cheddar asalinsa Ingila, gouda daga Holan, brie, mai laushin nan mai farar fata, daga Faransa. Wanda ake samu a manyan kantunan Kaduna, Kano da Abuja mafi yawansa shigo da shi ake yi da kuɗin waje, a cikin sanyi tun daga jirgi har kanti. Ki shiga kanti ki tambayi kuɗin ɗan ƙaramin ƙunshi ɗaya, sannan ki ƙirga kala nawa ne a hoton, ki ɗora inabi da zaitun da yazawa da katakon kansa. Araha ba ta ado, balle wannan da ko uwar kuɗi ba ta kai ba.

Ko da mai gaskiya ce ta haɗa miki, cuku ba cincin ba ne da za a zuba a bokiti ya yi mako. Mai laushi yana son firiji, ƙasa da digiri 5. Ƙa'idar masana abinci ita ce kada ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1. Ku tuna yadda garin nan yake a Maris da Afrilu, ku tuna yadda wuta take mana, sannan a ɗora tire a bayan mashin daga Kwangila zuwa Samaru da rana tsaka. Cuku mai laushi da aka yi da madarar da ba a dafa ba yana iya ɗaukar ƙwayar cutar listeriya, wadda ko a cikin firiji tana hayayyafa, kuma tana jawo ɓari. Masu ciki da tsofaffi da ƙananan yara su ne ta fi yi wa illa.

In kin nace sai kin saya, ki ce mata za ki zo ki ga inda take aiki, ko ta kira ki ta bidiyo ta nuna miki cukun a cikin ledarsa, da lambar NAFDAC da ranar ƙarewa. Masu gaskiya ba sa jin haushin wannan. Mu har daɗi muke ji. Ki dubi sunan da ya fito a asusun kafin ki danna, in ya saɓa da na mai magana da ke, ki tsaya. In ta ce tana da rajista, shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a buɗe yake, ana duba sunan kasuwanci. Hoton kuma ki sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, cikin minti ɗaya za ki ga ainihin inda aka kwaso shi. Kuma kada ki biya duka. Rabi a ba da, rabi sai kaya sun zo hannu kin buɗe.

Waɗanda aka riga aka cuta, kunya ce take sa mu yi shiru, shirun nan kuwa shi suke so. Kada ki goge hirar. Ki ɗauki hoton komai: saƙonni, lambar waya, lambar asusu, shaidar biya. Ki je bankinki da wuri ki shigar da koke a rubuce, don kuɗin ba sa kwana a asusun da aka tura su. Za su iya neman takardar 'yan sanda, sai ki kai rahoto ofishin da ke kusa da ke. Hukumar EFCC tana da ofishi a Kaduna, akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. In kuna da yawa ku haɗa kai ku je tare, koken mutum goma ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Mai sha'awar tiren kuma, wallahi ba sai da brie ba. Faranti babba na gidanki ya isa. Inabi a nan Kudan ake noma shi, maƙwabtanmu. Ki samu cukun Nijar busasshe irin wanda Buzaye ke sha da shayi, shi zafi ba ya damunsa, ko ki sa a yi miki farin cukun nono sabo, wanda ake daskararwa da tumfafiya, ki soya shi a ranar. Ki jera dabino da aya da yazawa a gefe guda, dambun nama da kilishin mahaucin da kika sani a ɗaya gefen, gireba da alkaki da tuwon madara su cike tsakiya, zuma a ɗan kofi. Kankana da abarba kada ki yanka sai baƙi sun yi sallama, kuma ki ba su nasu kwanon daban, don ruwansu yana jiƙa cincin.