Kwafin tsofaffin zane-zanen yaƙi na Jamus a wani shagon ɗab'i a Sakkwato

Akwai wani shagon ɗab'i kusa da Babbar Kasuwar Sakkwato da ke sayar da kwafin tsofaffin zane-zanen Jamusawa a kan yaƙi, kuma ya dace malaman tarihi su leƙa. A asali, mai zane yakan shafe farantin ƙarfe da kaki, ya karce shi da allura, ya tsoma cikin ruwan asid domin ya ci wuraren da aka karce, sannan ya sa tawada ya danna takarda. Don haka kyan kwafi yana ga fitowar siraran layuka, kuma aikin shagon bai zo ɗaya ba ta wannan fuska.

Wanda ya fi fitowa da kyau shi ne aikin Hans Ulrich Franck, mutumin Augsburg, wanda ya zana abin da Yaƙin Shekara Talatin (1618 zuwa 1648) ya yi wa talakawa. Bai damu da sarakuna ko bikin nasara ba. Mahaya dawaki ne ke afka wa manoma, suna kwashe musu dukiya, suna jan mata da ƙarfi, kuma duk wanda ya san halin da ƙauyukan gabashin jihar nan suke ciki ba ya bukatar a yi masa bayani. Na Käthe Kollwitz ma ba laifi, musamman wanda ke nuna uwa riƙe da fitila cikin dare tana neman ɗanta a tsakanin gawawwaki, ɗaya daga cikin zane bakwai da ta kammala a 1908 kan tawayen manoman Jamus na 1525. Ita kanta Kollwitz ta rasa ɗanta a fagen fama a 1914.

Inda aikin ya gaza shi ne na Otto Dix, tsohon soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya fitar da zane hamsin a 1924. Shagon ya buga su ƙanana a takarda mai ƙyalli, baƙin ya cakuɗe, har fuskokin sojojin da ke sanye da abin kariya daga iskar guba ba sa rarrabuwa sosai. Haka kuma babu sunan mai zane ko shekara a ƙasan kowanne, wanda babban giɓi ne ga mai koyarwa.

Mai saye ya nemi a buga masa a takarda marar ƙyalli, a kuma sa gilashi saboda ƙurar hunturu. Na Dix kuwa, gara a nemi babban girma ko a haƙura da su.