Shekara biyu ina bin layin masu ciwon suga

Duk bayan wata uku nake zuwa asibitin koyarwa na garinmu, ɓangaren da ake duba mutum ya koma gida. Ranar masu suga Talata ce. Daga masallacin asuba nake wucewa ba tare da na karya ba, don awon safe sai cikinka wayam. In ka bari hantsi ya dubi ludayi kafin ka ajiye katinka, to ka yi sallar la'asar a can.

Da farko na zaci babban likita zan gani. Ashe matasa ne, waɗanda suka gama karatu da hidimar ƙasa suke neman ƙwarewa a cututtukan cikin jiki. Ana juya su ne daga ɓangaren zuciya zuwa na ƙoda zuwa namu, suna shirin jarrabawar kwalejin likitoci ta ƙasa da ke Legas ko ta Afirka ta Yamma. Wadda ta kira sunana ranar farko sa'ar autata ce. Na ce a raina, yau a kaina za a koyi aski.

Ta ce, "Baba, a cire takalmi." Ta sa na rufe ido, tana taɓa tafin ƙafata da wani siririn zaren roba, duk inda na ji in ce na ji. Wuri biyu ban ji komai ba. Shekara nawa ina sayen magani a kyamis, ba wanda ya taɓa kallon ƙafata. Ta rubuta mini gwajin HbA1c, ta ce shi ba a yi masa wayo, domin yana tona asirin sugan kusan wata uku. Nawa 9 ya nuna, ita kuma 7 take nema. Har malmalar tuwon da nake ci da dare sai da ta ƙirga, da cokalin sukari na shayin yamma, wanda na rage ɗaya a lissafi, Allah ya yafe mini.

Tana gamawa babban likita ya shigo, ta karanto masa labarina tsaf. Tambaya ɗaya ya yi mata: ta duba ƙodata kafin ta ƙara yawan metformin, maganin sugan da nake sha? Ta yi shiru. Bai ɗaga murya ba, ya dai miƙa mata takardar gwaji. Tun ranar hankalina ya kwanta da wurin.

Inda suka gaza shi ne sabuwar fuska. Zuwa takwas, likita shida na gani, kowa sai na faro masa daga farko. Sau ɗaya fayil ɗina ya ɓata muka yi awa biyu ana nema, wani zuwan kuma ya faɗa cikin yajin aikin ƙungiyarsu, NARD, na tarar da benci babu kowa. Yanzu ina da ɗan littafi, ina rubuta awon kowace safiya da sunan magani, in ɗora wa duk wanda na tarar a kan tebur.

Wanda na gani a watan jiya, tun kafin in tambaya ya gyara mini lokutan shan magani saboda azumi, ya ce in na ji rawar jiki da zufa in karya azumin, kada in yi jarumta. Ya kuma tura ni awon ido. Wannan layin daban ne, ranar Alhamis, har yau ban je ba.