Makin jirgin Baba: yadda muka kwashe da kamfanin bayan rasuwarsa

Sai bayan sadakar arba'in muka buɗe jakar tafiyar Baba, Allah ya jiƙansa. A aljihun gefe, tsakanin tsohon fasfo da carbi da rasiɗan Guangzhou, muka tsinci katin kamfanin jirgin da ya saba hawa. Shekara da shekaru yana tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya saro wa shagonsa na Kantin Kwari kaya, makin tafiya (wanda kamfanin ke ba fasinja duk hawa, ya tara ya yanki tikiti da shi) na ta taruwa, bai taɓa cire ko ɗaya ba. Kullum cewa yake na Umarar Hajiya ne.

Wani mai sayar da tikiti ya ba ni shawarar in yi gum da bakina, in shiga asusun da wayar Baba in yanki tikiti, shi ke nan. Yaya ya ce a'a, a fara jin ta bakin malam. Malam ya ce duk abin da mamaci ya bari mai ƙima haƙƙin magada ne, ko allura ce. Shi kuwa kamfanin, a ƙa'idarsa maki ba dukiyar mai kati ba ce, mayar da shi ga magada alfarma ce, in sun ga dama. Duk da haka gara su, don kamfanin jirgin Delta na Amurka ƙa'idarsa ta ce ba a gadon maki sam.

Abin da suka nema bai fi ƙarfinmu ba: takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar kotun da ta raba gado, hoton fasfon marigayi, da lambar asusun wanda za a zuba wa. Matar da na fara samu a waya ta yi mini ta'aziyya kafin ta tambayi lambar kati, kuma hakan ya yi mini daɗi.

Daga nan ne aka fara jan ƙafa. Takardar kotu da Hausa take, aka ce sai an fassara ta da Turanci an buga hatimi. Muka yi. Sai aka ce sunan bai dace ba: fasfo na ɗauke da Muhammad, takardar rasuwa Muhammadu. Wasali ɗaya tal ya kai ni kotu yin rantsuwa, ya cinye mini mako uku! Kowane imel kuma mutum daban ne ke amsawa, sai ka sake labari tun daga farko kamar mai karanta wa yara tatsuniya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba su dakatar da agogo ba. Muna cikin wannan zirga-zirga wani kaso na makin ya ƙare wa'adi, ya tafi ke nan.

Asusu ɗaya suka yarda su zuba wa, mu kuwa magada goma sha ɗaya ne. Kowa ya sa hannu ya bar wa Hajiya kasonsa, har ƙaninmu da ke son gardama.

In maki zan ba su, shida cikin goma. Sun cika alkawari, ba su karɓi ko sisi na canja suna ba, amma sun wahalar da masu makoki. A sani kuma, tikitin maki ba kyauta ba ne gaba ɗaya, harajin filin jirgi da sauran caji da kuɗi muka biya.

Hajiya ta fita takaba da 'yan makonni saƙon ya shigo. Da na nuna mata tikitin Jidda a waya ba ta ce komai ba, katin kawai ta karɓa ta sa cikin jakar carbinta.