Boljoyin ɗin "mai bi wa na kamfani" ya durƙusar da ni a Wudil ranar kasuwa

Wata huɗu da kwana tara boljoyin ɗin nan, wato ƙwallon ƙarfen da ke haɗa taya da ƙafar mota, ya yi a jikin motata. Na san lissafin ne saboda rasit ɗin yana nan a aljihun gaban mota, kuma tun da abin ya faru na ɗauko shi na duba ya fi sau goma, kamar dubawar za ta dawo min da kuɗina.

Motar Honda Accord ce ƙirar 2004, wadda ake ce wa EOD. 'Yar Kwatano na saye ta a 2016. Duk mai irin motar nan ya san tsokanar da ake mana a majalisa, wai motarmu akwai ladabi, ba ta wuce babban taro ba ta durƙusa ta gaishe su ba. Ni dai shekara bakwai da ɗoriya ina hawa ba ta taɓa yi min ba, har ina cika baki cewa masu motar ne ba su iya riƙo ba. Ashe boljoyin ɗin da ta zo da shi ne yake rufa min asiri.

A farkon Fabrairun 2024 bakanikena ya ɗaga ta a jak, ya girgiza tayar dama ta gaba, ya ce na ƙasa ya fara wasa, a canza. Kowa ya tuna yadda lokacin yake. An cire tallafin mai tun Mayun 2023, dala tana neman haura N1,500, farashin da aka gaya maka da safe ba shi za ka tarar da la'asar ba. Ya haɗa ni da yaronsa muka tafi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a Kano, yaron ya wuce shaguna kusan ashirin bai ko kalle su ba, ya tsaya a wani wanda ba zan kama sunansa ba. Mai shagon ya jera min kwali uku a kan kanta.

"Alhaji, kala uku ne. Ga na kamfani, ga mai bi masa, ga kuma na lallaɓa rayuwa."

Na kamfanin ya kusa ninka na tsakiyar sau uku. Na ƙarshen kuwa ko ni da ban san ƙarfe ba na ga fentin da aka shafa masa yana ɓarewa tun a cikin leda. Na ɗaga na tsakiyar na ce wannan fa? Ya ce, "Japan ne, Alhaji. Kwali ne kawai ya raba shi da wancan. Shi nake sa wa tawa." Yaron bakanike ya gyaɗa kai. Na biya ina jin kaina mai wayo: ban yi almubazzaranci ba, ban kuma sayi tarkace ba. Har na ba yaron kuɗin shayi.

Juma'ar ƙarshe kafin Babbar Sallah aka yi mana rasuwa a Gaya. Na ɗauki mai ɗakina da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, mai fama da ciwon gwiwa, muka kama hanya wajen ƙarfe sha ɗaya. Daga Mariri har Gano ina taka motar yadda nake so, allura tana kan 110, Gwaggo tana baya tana jan carbi. Da muka doso Wudil sai cunkoso ya tsayar da mu. Ranar kasuwa ce, ga Sallah saura kwana biyu, tireloli cike da shanu, 'yan ƙurƙura cike da raguna, masu babur suna kutsawa ta ko'ina. Ina tafiya kamar mai rakiyar amarya, na ɗan karya sitiyari dama don in kauce wa wani rami, sai na ji ƙas! Gaban motar ya nutse ɓangare guda, ƙarfe ya ja kwalta, muka tsaya cak. Gwaggo ta saki salati da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Na fito na ga tayar ta kwanta a cikin madigadi kamar an karya mata wuya. Shaf ya zare daga giya, man giya yana tsiyaya ja a kan titi, madigadin ya lanƙwashe ya tokare ƙofa har mai ɗakina sai ta ɓangarena ta fito. Kafin in gama kallo an yi min zobe. Masu hon suna yi, wani direban tirela yana leƙo kai yana tambayata ko gadon ubana ne titin, wani yaro mai tallar ruwa yana gaya wa abokinsa, "Ai Honda ce, gaisuwa ta tsaya yi." Wannan maganar ta fi zagin direban yi min ciwo, don a bakina aka saba jin musunta.

Samari bakwai ne suka ciccibi gaban motar muka kai ta gefe, Allah ya saka musu da alheri, biyu ma ƙin karɓar komai suka yi. Sai ga kiran sallah. Duk garejin da na leƙa an tafi masallaci. Na samar wa Gwaggo benci a rumfar wani mai shayi, ta zauna tana matsa gwiwa, ba ta ce min komai ba sai, "Ɗan nan, da a can baya ne fa?" Ban amsa ba, don tun da na fito daga motar abin da ke kaina ke nan. Minti goma kafin nan ina kan 110, ga manyan motoci a bayana. Na sa su a motar haya suka ƙarasa Gaya, ni kuwa ban samu yin gaisuwar ba sai ranar sadakar uku, wadda ta faɗo ranar Sallah.

Bakaniken da na samu bayan an sauko dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Ya ciro abin gida biyu ya ɗora min a tafin hannu. Robar da ke rufe shi ta tsattsage kamar ta shekara goma a rana, cikinsa babu ɗigon giris sai jar ƙasa da tsatsa, ƙwallon ya cinye gefe guda ya zama kamar goron da aka gatsa. Ya ɗauko fayil ya goga a jikinsa sau biyu, ƙarfen ya ci nan take. Ya ce na kirki an gasa shi ya yi tauri, fayil zamewa yake a kansa. Shi ya fara yi min bayanin da ya kamata in sani tun kafin in je kasuwa: a irin ƙafar motar nan, nauyin gaba yana sauka ne a kan hannun ƙasa, boljoyin ɗin ƙasa kuma shi ke riƙe da hannun, kullum ana jan sa kamar za a zare ƙwallon daga gidansa. A Corolla ba haka ƙirar take ba, nauyin yana bin shokazoba ne ya hau sama, shi ya sa mai Corolla zai sa na banza ya yi ta jin ƙwaram-ƙwaram wata da watanni bai faɗi ba. Mu kuwa ranar da ya gaji, ranar zai saki. Ya ce, "Yallaɓai, motarka ba ta da laifi. Shekara ashirin ta yi da na farko."

Abin da na kashe a ranar da kwanakin da suka biyo baya: shaf, ƙafa sukutum 'yar Beljiyam da aka aiko daga Kano a motar haya, man giya, tiyon birki da ya ɗame, wayar ABS da ta tsinke, mai bugun jiki, fenti, taya ɗaya da ƙarfe ya yanka, alaimen. Da na tara, ya sayi na kamfanin nan da na raina har sau shida da canji. Kuɗin rago ne ya tafi. A shekarar haɗa kuɗi muka yi da maƙwabta aka yi watanda, yara suna tambayata ina namu ragon.

Bayan Sallah na koma shagon da gutsattsarin a leda. Wallahi da murmushi ya tarbe ni. Ya jujjuya shi ya ce, "Alhaji, kayan ƙafa ba su da garanti, hanya ce ba kyau." Na ce ba kai ka ce Japan ne ba? Ya ce haka aka rubuta a kwalin, shi ma haka aka sayar masa daga Legas. Na ce ba ka ce shi kake sa wa taka ba? Ashe tasa Golf ce. Ƙarshe ya ce zai rage min wani abu in na ɗauki na kamfanin. Na fita ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi wa ɗan kasuwa ba.

To amma in zan yi adalci, ba duk na araha ne ya cuce ni ba. Madubin gefe da ke jikin motar yanzu ɗan China ne, shekararsa uku, babu abin da ya yi sai ɗan rawa in ana gudu. Fitilar baya, hannun ƙofa, robar goge gilashi, matatar iska, duk na araha nake saye kuma ba zan daina ba. In sun lalace ba za su jefa ni ƙarƙashin tirela ba. Kuma na fahimci cewa rashin tambarin kamfanin mota a kwali ba shi ke nuna jabu ba. Su kansu masu ƙera motocin ba komai suke yi da hannunsu ba, fulogi daga NGK ko Denso suke karɓa, shokazoba da yawa KYB ke yi. A kayan ƙafa akwai 555 na Japan, wanda in ka dace da na gaskiya ba ka da kuka, kuɗinsa kuma bai kai na kwalin kamfani ba. Wato "mai bi masa" na gaske yana nan, akwai shi. Abin da aka ba ni ne ba shi ba. Na lallaɓa rayuwa ne aka sa wa riga mai kyau aka ninka masa kuɗi. Da na ukun na ɗauka da sanina, da ban zo nan ina rubutu ba, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Ita ma 'yar Beljiyam ɗin da kowa ke yabo, kada a ruɗe ku. An ciro ta ne daga motar da ta yi shekarun tawa, ba wanda ya san ramukan da ta faɗa kafin a yanka ta. Wadda aka aiko min boljoyin ɗinta da sauran ƙarfi, amma robar sama ta bushe, sati uku ta fara kuka. Caca ce ita ma, sai dai an fi ci.

Kuma tunda ana maganar kuka, ni ma ina da nawa laifin. Kusan sati biyu kafin tafiyar nan, in na juya sitiyari da safe ina jin wani ƙiii kamar tsohuwar ƙofar zaure. Na ce sabon abu ne, ba zai zama shi ba, ƙila damina ce ta shiga. Na ƙara muryar rediyo.

Sai dai duk lokacin da na fara lallashin kaina da cewa tsautsayi ne, sai in tuna da gyaɗa kan yaron nan. Daga baya wani abokina mai shago a layin ya gaya min abin da kowa ya sani ban da ni: yaran gareji suna da shagunan da suke kai mutane, ana ajiye musu kamasho, kuma kamashon jabu ya fi tsoka saboda ribarsa ta fi yawa. Ga kuɗin shayin da na ƙara masa. Shi ma maigidan nasa, da na tuna yadda ya sa abin, raina sai ya ƙara ɓaci. Boljoyin ɗin motar nan matsa shi ake yi ya shiga gidansa da injin matsi. Shi guduma ya sa, ina tsaye ina kallo, yana dukansa kamar mai fasa dutse, ni kuma ina ce masa sannu da aiki. Dattijon Wudil ya ce ko na kamfani aka yi wa wannan dukan an rage masa kwana, balle wannan. Shekara shida ina kai wa bakaniken nan nawa mota, ɗansa na fari ni na biya masa kuɗin jarrabawa. Da na gaya masa abin da ya faru cewa ya yi, "Oga, ai da ka ce min za ka yi doguwar tafiya." Wudil ce doguwar tafiya? Kilomita arba'in?

Don haka in an tambaye ni maki nawa zan ba abin, na rasa wa zan ba. Ƙarfen dai sifili. Mai shagon ƙasa da haka. Na so in ce ba zan ƙara sayen komai ba sai na kamfani, sai na tuna kwalin kamfanin ma ana buga shi, har da ɗan tambarin nan mai walƙiya, kuma albashina bai ƙaru ba. Abin da na yi shi ne na canza gareji, na koma wajen mai injin matsi, na sayi biyu hagu da dama a wajen wani da ya yarda ya rubuta min a rasit cewa in ya saki kafin shekara zai biya har kuɗin aiki. Mutum huɗu suka ƙi rubutawa kafin shi. Sun yi tsada har sai da na cire hula na share gumi, amma yau sun haura shekara, duk juyen baƙin mai sai na sa an ɗaga an girgiza tayoyin ina tsaye, shiru kake ji.

Tsohon yana nan a ledarsa cikin but, na ce zan nuna wa 'yan majalisa amma har yau ban iya ba. Mai ɗakina ta koma zama a baya. Gwaggo kuwa da aka tashi bikin jikarta a Dutse na ce zan zo in ɗauke ta, ta ce, "A'a ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, na riga na yi magana da mai Sharon."