Gidan Tururuwa Na Yara: Na Kanti, Na Kwalba Ko Na Gilashi?

A dogon hutun da ya wuce ɗana ya ga wani bidiyo a wayar mahaifiyarsa: ɗan akwatin roba cike da wani abu shuɗi, tururuwa na ta haƙa ramuka a ciki. Tun daga ranar ya tasa ni gaba da "Baba, yaushe za ka saya mana?" har na gaji na saya. Kafin a koma makaranta mun gwada iri uku, kuma wanda ya fi cin kuɗina shi ya fi ba ni takaici.

Na kanti kala biyu ne, mai yashi da mai jel. Mai yashin tsohon abu ne. Wani Ba'amurke, Milton Levine, ya fara sayar da shi a 1956, kuma kafin rasuwarsa a 2011 an sayar da fiye da miliyan 20. Tun kafin shi ma wani masanin ƙwari Bafaranshe, Charles Janet, ya nuna irinsa a babban baje kolin Paris na 1900. Matsalar wanda ake kawowa daga Amurka ita ce babu tururuwa a ciki. Takarda ce ake cikewa kamfani ya aiko da su ta gidan waya, kuma ba za a aiko maka Kano ko Maraɗi ba. Wato ka biya kuɗin jirgi a kan roba da yashi, alhali yashi na nan jibge a ƙofar gidanka.

Mai jel ɗin shi na saya ta intanet. Jel ɗin kamar kokon da ya kwana ya daskare yake, ana hango komai ta cikinsa, kuma shi ne ƙasar, shi ne abincin, shi ne ruwan. Masu talla suna yawan jingina shi da gwajin da aka yi da tururuwa a sararin samaniya cikin kumbon Amurka mai suna Columbia a 2003, inda aka zuba su cikin jel maimakon ƙasa. To amma gwajin kwanaki ne, ba zaman shekara ba. Kuskuren farko nawa ne: kiyashi muka kwaso daga madafa don su suka fi sauƙin samu, da gari ya waye duk sun sulale ta 'yan hujojin shan iska sun koma gwangwanin sukari. Abin da uwargida ta faɗa mini ranar ba sai na maimaita ba. Da muka zuba manyan tururuwa, gaskiya kwana huɗun farko abin sha'awa ne, ramuka sun fito tarwai. A mako na biyu zafin ɗaki ya sa bangon ya riƙa gumi, 'yan da suka mutu suka fara fumfuna, kuma babu yadda za ka tsame gawa daga ƙasan rami ba ka rusa komai ba. Wanda yake son abin ado na kwana goma ya saya. Ni dai ba zan sake ba.

Na kwalba kusan kyauta ne. Babbar kwalba mai faɗin baki, irin ta Bama da aka wanke tas, sai wata siririya da za ta shige cikinta, a rufe ta da murfinta a tsayar a tsakiya. Ratar da ta rage tsakaninsu ita ake cika da ƙasa. Hikimar ƙaramar kwalbar ita ce ta hana su haƙa a tsakiya inda ido ba ya kaiwa, dole su bi jikin gilashi. Kada ratar ta wuce faɗin yatsa, santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A rufe bakin da ƙyalle mai ƙananan ido a ɗaure da robar daure kuɗi, a shafa basilin ta ciki kusa da baki don masu son hawa su zame. Aibinsa shi ne zagaye yake, sai yaro ya riƙa juya kwalbar don ya bi rami, juyin kuwa yana zubar da ramin. Ga yaro ɗan shekara biyar zuwa bakwai, wanda bayan mako biyu hankalinsa zai koma kan ƙwallo, wannan ya wadatar, kada ka wahalar da aljihunka.

Na gilashi shi ne zaɓina, kuma a kansa zan ɗan daɗe. Ka je wurin masu haɗa tagogin alminiyum, yawanci suna da ragowar gilashi da ba ta kai taga ba. Ka ce a yanka maka biyu daidai da juna, girman littafin rubutu na makaranta ko sama da haka kaɗan, kuma ka tsaya a kai a goge bakinsu. Wannan ba abin wasa ba ne, hannun yara zai taɓa. Kafinta ya yi maka siririn katako mai kaurin santimita ɗaya da zai zauna tsakanin gilasan biyu ta gefe da gefe da ƙasa, ya buga masa ƙafafu masu faɗi don kada ya kife, sannan ya yi murfin da ake cirewa. A like da silikon ɗin da masu tagar suke amfani da shi, a bar shi kwana biyu a iska har warin nan mai kama da ruwan tsami ya fita. Kafin ka zuba komai, ka ɗaga shi ka duba kowace kusurwa a hasken rana. Inda allura ta shiga, ƙaramar tururuwa za ta gwada sa'arta.

Abin da ya sa na fifita shi: yara uku za su zauna gabansa a lokaci ɗaya ba tare da an taɓa shi ba. Tururuwan da muka zuba a namu, a kwana na shida, sun riga sun ware ɗaki ɗaya sun tara gero, can wata kusurwa kuma sun mai da ita juji, nan suke kai ɓawo da gawarwakin 'yan uwansu. 'Yata ta shafe wajen rabin sa'a tana kallon wata guda da ƙwayar gero ta maƙale mata a bakin rami, ta ja ta gaba ya ƙi, ta juya da baya ta jawo ta. Da na gaya mata duk ma'aikatan nan mata ne, sai ta kalli yayanta ta ce, "Ka ji ko?"

Ƙasar da za a zuba, a kwalba ko a gilashi, a haɗa yashi da jar ƙasa a tankaɗe da rariya. Yashi zalla rushewa yake, laka zalla kuma tana bushewa ta ƙame. Damshinta ya zama kamar na garin da za a yi dambu, in ka dunƙula ya kama, amma ba ya ɗiga. Sirinjin kemis ya isa wajen ƙara ruwa, 'yan ɗigo ta gefe ɗaya, a ƙara yawaitawa lokacin hunturu. A lulluɓe jikin da baƙar takarda in ba kallo ake ba, don a duhu suka saba aiki, kuma kada a ajiye inda rana ke bugawa. Zafin watan Afrilu ta cikin gilashi zai gasa su kafin azahar.

Amma duk wannan ɓata lokaci ne in an zaɓi ƙwaron da bai dace ba. Tururuwar da ake so ita ce babbar nan da ke jerin gwano tana jidar hatsi a bakin gona ko masussuka: ana ganinta da kyau, gwanar haƙa ce, abincinta kuma gero ne da ɗan mataccen ƙwaro jefi-jefi. Cinnaka harbi yake, a bar shi. Kwarkwasa ba ta zama wuri ɗaya, ga cizo. Gwano kuwa ko shi ba ya jin warin jikinsa, ku za ku ji. Shazumamu ba laifi, sai dai ya fi motsi da dare lokacin da yara suka yi barci. A kwaso talatin zuwa hamsin da cokali, duka daga rami ɗaya, don 'yan gida daban in suka haɗu kashe juna suke.

Ma'aikata ba tare da sarauniya ba makonni za su yi, in an yi sa'a 'yan watanni, sai su ƙare. Mai son gida mai ɗorewa sai ya jira damina, bayan an sha ruwa masu fukafukai su tashi, ya nemi wadda ta sauka ta karya fukafukanta tana yawon neman wurin haƙa. Kada a ruɗe da shinge, wannan gara ce, ita kuwa ta fi kusa da kyankyaso a dangi. Sarauniyar tururuwa tana da siririn ƙugu da ƙaton ƙirji. Ita ba gidan gilashi take buƙata da farko ba, 'yar siririyar kwalbar gwaji ce da ruwa a ƙasa an toshe da auduga, a ajiye a duhu wata ɗaya zuwa biyu har 'ya'yan farko su fito. An taɓa samun sarauniyar da ta yi kusan shekara 29 a hannun wani mai bincike a Jamus, saboda haka ka tabbata yaron naka mai haƙuri ne, ko kuma kai ka shirya gadar aikin.

Mu ba mu kai nan ba. Ana saura kwana biyu a koma makaranta, malamin Islamiyyar yarana ya tuna musu labarin Annabi Sulaiman a Suratun Namli da hanin da aka yi na kashe tururuwa, suka dawo suka ce sai an mayar da tururuwan. Muka ɗauki gilashin zuwa bakin ramin da muka ɗebo su, muka cire murfin muka kwantar da shi. Yanzu yana saman durowa an wanke, ana jiran ruwan farko.